Tiyon mai ta ciki yake mutuwa

Yau sati uku kenan da abin ya faru amma har yanzu in na kwanta da dare sai in riƙa jin shirun nan da ya sauka a jirgi lokacin da injin ya ɗauke. Mun taso daga Rofia ne bayan la'asar za mu ƙetaro Zamare, ni da ƙanena da goggonmu da wasu mata biyu ƴan garinsu, ga buhunan albasa huɗu a tsakiyar jirgi, kuma damina ce, hadari ya fara haɗowa daga gabas shi ya sa na murɗa totur sosai don mu samu mu kai gaɓa kafin iska ta taso. Muna kai tsakiyar ruwa sai injin ya fara shaƙewa kamar wanda aka riƙe ma maƙogwaro, na sassauta ya ɗan dawo, na ƙara murɗawa ya sake shaƙewa, na uku kawai ya yi tari biyu ya yi tsit.

Na ja igiya ya fi sau goma. Jirgi ya juya gefe ruwa ya fara tafiya da mu. Goggo ba ta ce komai ba sai salati da take yi ƙasa-ƙasa tana riƙe da bakin jirgi da hannu biyu, sai can ta ce, ɗan nan mai ne ya ƙare? Na ce a'a Goggo akwai mai, ki yi haƙuri yanzun nan zai tashi. Kuma gaskiya na faɗa mata, tanki ya fi rabi. Abin da ya cece mu bayan ikon Allah shi ne na tuna wata magana ta kawuna, na ce ma ƙanena zauna nan ka riƙe famfon nan na roba da ke jikin tiyon da ke kai mai daga tanki zuwa inji ka yi ta matsawa kar ka tsaya, shi yana matsawa ni na ja igiya, sai ga inji ya kama. Haka muka ƙarasa ƙetarawa, yaron nan yana matsa famfo da hannu ɗaya in ya gaji ya sauya ɗayan, duk sanda ya ɗan huta inji ya fara shaƙewa.

Injin nawa Yamaha Enduro ne mai doki 15, wanda muke ce ma fiftin, kuma in faɗa tun yanzu injin ba shi da laifi ko kaɗan, shekara da shekaru yana mana aiki tun yana hannun babanmu Allah Ya jiƙansa. Washegari da sassafe na sa aka ɗauko shi da tankin da tiyon gaba ɗaya na kai gidan kawu. Shi kawun namu ya tsufa yanzu ba ya hawa ruwa, amma yana cikin waɗanda suka ga ƙasar nan kafin a gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye tsofaffin garuruwa da gonaki, ya san inda kututturan bishiyoyi suke a ƙarƙashin tafkin, kuma inji in yana aiki daga sautinsa kawai yake gaya maka ciwonsa. Ni na zo da zaton kabreta ce ko filogi. Bai ko taɓa injin ba. Tiyon ya ɗauka ya lanƙwasa shi kusa da inda ya shiga famfo ya ce zo ka gani, na duƙa, sai ga tsagogi ƙanana-ƙanana sun buɗe a bayan robar kamar faso a dunduniya lokacin hunturu, in ya miƙar da tiyon su rufe ba ka ganin komai. Sai ya ce ba ni wuƙa. Ya yanko kamar tsawon yatsa ya tsaga shi biyu ya shimfiɗa a tafin hannunsa. Wallahi abin da na gani a ciki ya ba ni tsoro, shimfiɗar cikin tiyon ta saki daga jikin robar ta tattare kamar fatar tafasasshen tumatir, ya goga yatsa a ciki yatsan ya fito baƙi ƙirin da ɗan gari-gari. Ya ce wannan garin duk yana cikin kabretarka yanzu.

Abin da na fahimta daga ranar shi ne tiyon mai iri biyu yake cin amanar mutum kuma duk biyun ba lalle ka ga ɗigon mai ba, mu kuwa ɗigo muke jira kafin mu ce tiyo ya lalace. Famfon mai na cikin injin nan ɗan ƙaramin abu ne mai fallen roba, numfashin injin ne da kansa yake kaɗa shi, kuma zuƙo mai yake yi daga tanki. To tunda zuƙa ce, in akwai tsaga a hanya ba mai ne zai fita ba, iska ce za ta shiga, kamar ka sa fasasshen tsinken shan lemo a kwalba. A ƙaramin gudu ɗan man da ke isowa ya ishe shi shi ya sa a bakin gaɓa kake jin inji lafiya lau, amma da ka buɗe totur yana neman mai da yawa sai ya samu rabi iska. Na biyun kuma ita ce shimfiɗar cikin nan da ta saki, zuƙa na ƙaruwa sai ta manne ta toshe hanya, zuƙa na raguwa ta buɗe. Kuma akwai abin da ya fi mutuwar injin a tsakiyar ruwa tsada, irin injinan namu ana gauraya musu baƙin mai ne a cikin fetur, kashi 1 cikin 50, wato rabin lita a fetur lita 25, babu wani wurin da fistin yake samun maiƙo sai ta nan. In mai ya yi ƙaranci maiƙo ma ya yi ƙaranci, inji ya yi zafi, wata rana fistin ya maƙale, kuma wanda ya taɓa sayen fistin da zobba a ƴan shekarun nan ya san abin da nake nufi.

Wani abu da kawu ya koya min wanda nake so duk mai jirgi ya riƙe, famfon robar nan da kansa yana gaya maka inda matsalar take. In inji na aiki ka ga famfon ya shafe ya manne kamar an tsotse shi, to toshewa ce tsakaninsa da tanki, ko kuma ka manta ba ka kwance ɗan nocin shan iska da ke kan murfin tanki ba. In kuma kana matsawa kana matsawa ya ƙi yin tauri, to ko iska na shiga ta wani wuri ko ƴan bawul biyun da ke cikinsa sun mutu ko kuma kabreta na ambaliya. In kuwa sai an matsa shi inji ke dawowa hayyacinsa kamar yadda ya faru da mu, to ka zargi tiyo da mahaɗansa tukuna, in sun fita sai ka koma kan famfon cikin inji.

Me ke kashe robar? Rana ce ta farko, tiyon nan yana kwance a fili tun safe har yamma, rana ta gasa shi hunturu ya busar da shi. Sai kuma fetur ɗin kansa. Fetur ɗin da aka gauraya da etanol yana cin tsohuwar roba yana kuma jawo ruwa daga iska, kuma mu da muke saye a jarka da kwalba a bakin ruwa ba wanda ya san me ke cikin abin da aka zuba masa. Kowa ya tuna Fabrairun 2022 lokacin da aka shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima cikin ƙasar nan har aka janye shi aka yi ta dogon layi a gidajen mai, masu motoci na ta kukan injinansu. Shi metanol ya ma fi etanol cin roba. Daga 29 ga Mayun 2023 kuma da aka cire tallafi lita ta yi tsadar da duk ɗigon da ya zuba a cikin jirgi kuɗin cefane ne.

Nan ne nake so in tsaya kan abin da ya fi ci min rai, wato farin tiyon nan mai gani-har-hanji da magina suke awon lebur da shi. Ka zaga bakin ruwa ka ƙirga jirage nawa ne aka yi ma ƙari da shi, na ga da yawa, kuma rabin nawa tiyon daga famfo zuwa tanki shi ne a jiki, wani ya sa min shi bara da na kai gyara ya ce ai ya ma fi kyau tunda kana ganin mai na tafiya. Na ruwa ne ba na fetur ba. Fetur na tsotse abin da ke sa shi laushi, bayan ƴan watanni ya koma rawaya ya ƙandare kamar busasshen kara, bakinsa ya saki daga kan ƙarfen da aka cusa shi, sai a ɗauko waya a murɗe ko a yanko robar tayar keke a naɗe. Wayar kuma yanka tiyon take yi. Na san talauci ne ke sa mu, ba raini nake yi ba, ni ma na yi, amma mutum ya ɗauki mata da yara a kan ruwan da faɗinsa ba a ganin ƙarshensa a wasu wuraren kuma abin da ke tsakaninsu da shawagi tiyon magina ne da waya, wannan bai kamata mu saba da shi ba. Mu mutanen yankin nan ba sai an ba mu labarin ruwa ba, ranar 26 ga Mayun 2021 jirgi ya dare kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski da mutane sama da ɗari a ciki, har yau akwai gidajen da ba su farfaɗo ba. Wancan ba tiyo ne sanadi ba, amma tun daga ranar na daina yarda da kalmar nan ta zai kai mu.

Na ce da kawu zan kai wa bakanike. Ya ce kai ɗan nan, in ya sake mutuwa a tsakiyar ruwa bakaniken na cikin jirgin ne? Zauna ka yi da hannunka ina kallo. Shi ya sa na yi da kaina, kuma ba wani aikin a zo a gani ba ne, wuƙa mai kaifi, sukuddireba, fulaya, tsumma, ruwan zafi a kofi, shikenan.

Sayen tiyon shi ya fi ɗaukar lokaci. Tiyon mai na gaske da rubutu a jikinsa daga farko har ƙarshe. Na jiragen ruwa za ka ga an buga SAE J1527 sai A1 ko B1, ko kuma ISO 7840, har da shekarar da aka yi shi. Shi A1 an gwada shi ya jure wuta na minti 2 da rabi, don jiragen da tiyonsu ke bi ta rufaffen wuri aka yi shi, B1 kuma bai da wannan gwajin amma ya isa ga irin namu da komai ke a fili. In ka ga an ƙara 15 a gaba, kamar A1-15, to sabon samfuri ne wanda tururin fetur ba ya ratsa shi sosai. Ni ban samu irin wannan a kusa ba, na aika aka sayo min cikakken saiti mai famfo da mahaɗai, na cikin inji kuma na je wurin masu kayan mota na sayi baƙin tiyon fetur mai zare a cikin naman robar wanda aka buga ma SAE 30R7. Ka tafi da guntun tsohon a aljihu don kauri ya zo daidai, ƙananan injina yawanci milimita 6 ne ko 8 a ciki, in ya fi faɗi iska za ta shiga ko ka ɗaure shi da me, in ya matse kuma inji zai ji yunwa. Ka leƙa bakinsa ka ga zaren, ka lanƙwasa shi ka ga bai karye ya shafe ba, wanda babu rubutu ko ɗaya a jikinsa ka ajiye masa abinsa ko da ya rantse.

A ƙarƙashin bishiyar mangwaron kawu muka yi aikin, a fili inda iska ke wucewa, ya sa aka ɗauke kurfotin shayi aka kai can bayan gida, ya kuma kori wani maƙwabci da ya zo kallo da taba a baki. Ba fetur ɗin da kake gani ne ke kamawa ba, tururinsa ne, kuma ya fi iska nauyi, kwanciya yake a ƙasa, a jirgi kuwa yana taruwa a cikin kwarin nan inda ƙafafun mutane suke, wani ya ƙyasta ashana shikenan. Na fara kwance nocin iska na tanki ya yi tsss don rana ta kumbura shi, na zare mahaɗin, na juye man da ke cikin tsohon tiyo a gwangwani. Sannan na buɗe murfin inji, kafin in taɓa komai na ɗauki hoto da waya ta gefe uku, wannan ya taimake ni sosai daga baya don ƴan gajerun tiyon da ke ciki kowanne da hanyar da yake bi, daga mahaɗi zuwa matacin mai, daga mataci zuwa famfon inji, daga nan zuwa kabreta, in ka juya na shiga da na fita a famfon inji ba zai tashi ba ka yi ta neman dalili. Ɗaya-ɗaya na yi, in cire wannan in auna sabo a jikinsa in yanka in sa, sannan in taɓa na gaba.

Tsohon tiyo ba ya fita da ja, ya riga ya manne. Na fara murɗawa da fulaya kawu ya riƙe hannuna ya ce bakin matacin nan roba ne, in ya karye sai ka sayi gaba ɗayansa. Tsaga tiyon ake yi a tsaye da bakin wuƙa a hankali, kar ka kai har ƙasa ka karci bakin, don karcen nan ma hanyar iska ce, in ya kusa sai ka ɓare shi da farce kamar ɓawon rake. Sabon kuma ka yanke bakinsa daidai ba a karkace ba, ka zura kilif, wato zoben ƙarfen nan da ake ɗaure bakin tiyo da shi, tukuna don ni sau biyu ina mantawa, ka tsoma bakin tiyon a ruwan zafi kamar minti ɗaya ka yarfe ruwan ka goge, ɗigon baƙin mai ɗaya a bakin ƙarfen sai ka ga ya shige sumul har ƙarshe. Kilif ɗin bayan ɗan tudun bakin yake zama ba a kansa ba, ka ɗaure har tiyon ya daina juyawa in ka murza shi da yatsa, kar ka matse har roba ta riƙa bullowa ta ramukan kilif. Ka nemi na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Famfon roba akwai kibiya a jikinsa, inji take kallo ba tanki ba. Na kuma bar tsawon tiyo isasshe yadda in na juya inji hagu da dama har ƙarshe ko na ɗaga shi sama a wuri mara zurfi ba zai ja ba, amma ba tsawon da zai kwanta a ƙasan jirgi ana taka shi ana ɗora masa buhu ba, tsohon nawa akwai inda ya shafe dindindin saboda nauyin kaya. Yanzu na bi da shi ta gefen jirgi na ɗaure a wuri biyu da igiya sako-sako.

Sabon tiyo kaɗai bai gama aikin ba tunda dattin tsohon ya riga ya wuce gaba. Na kwance ɗan kofin matacin mai, a ƙasansa ga ruwa kwance daban kamar cokali guda ga baƙin garin nan, na wanke ragar da fetur mai kyau na duba zoben robar bakinsa na mayar. Na kwance nocin da ke gindin kabreta na bar mai ya zuba a kan farin tsumma, na matsa famfo sabon mai ya wanko ta har ya fito tas. Tankin ma na juye shi gaba ɗaya na tace man da ƙyalle, na ciro bututun da ke zuƙo mai daga ƙasan tanki na ga ƴar ragar bakinsa ta kusa toshewa. Abu na ƙarshe da na kusa tsallakewa shi ne ɗan zoben roba da ke cikin mahaɗin da ake maƙalawa a jikin inji, na tsohon ya tsage, ashe nan ma iska na shiga, sabon saitin ya zo da nasa.

Gwaji kuwa, na ɗaga famfo kibiya na kallon sama na matsa, sau bakwai ko takwas ya yi tauri kamar ɗanyen lemo, na riƙe shi a matse kawu ya bi kowace mahaɗa da takarda busasshiya yana dubawa yana shinshinawa, wuri ɗaya ya nuna ɗan laima a bakin mataci na ƙara rabin juyi ya ɗauke. Ba mu tada shi a tudu ba, injin nan in ya yi aiki babu ruwa ƴar farfelar roba da ke tura ruwan sanyaya shi nan take take ƙonewa. Sai da muka mayar da shi jikin jirgi. Ja biyu ya kama, na duba ruwan da yake tsartowa ta baya yana fita da ƙarfi, na bar shi ya ɗumama sannan ni kaɗai babu fasinja na yi ta kai da kawo kusa da gaɓa totur a buɗe har ƙarshe wajen minti 20, ina juya shi hagu da dama da ƙarfi ina sauraro. Bai shaƙe ba ko sau ɗaya, sautinsa ma ya sauya ya koma irin wanda na sani lokacin Baba. Na dawo na buɗe murfi na sake bin mahaɗan da yatsa, a bushe.

Na rubuta wata da shekara da fenti a gefen tanki don in san ranar da na sa shi, kuma na yi wa kaina alkawari duk farkon damina da farkon hunturu zan lanƙwasa shi in duba, in na ga ya fara faso ko ya ƙandare ko yana barin baƙi a hannu ba zan jira ya ɗiga ba. Ragowar sabon tiyon kamar kamu ɗaya da kilif huɗu da sukuddireba da filogi biyu na naɗe su a leda na sa a gwangwanin madara mai murfi, yana ƙarƙashin wurin zamana tare da filafilai biyu da yanzu ba na tashi sai na ga suna cikin jirgi. Guntun da kawu ya tsaga kuwa yana aljihun rigata, duk wanda na gani da farin tiyon magina a bakin ruwa ina ciro shi in buɗe masa a tafin hannu, mutum uku sun sauya nasu zuwa yanzu, wasu kuma sun ce sai bayan kasuwa.

Ranar Juma'ar da ta wuce Goggo ta aiko a zo a ɗauke ta za ta koma Rofia. Da ta zo shiga jirgi sai ta tsaya ta dubi wajen inji ta ce, ɗan nan an gyara abin nan kuwa? Na ɗaga sabon tiyon na nuna mata na ce da hannuna na sa Goggo. Ta taɓa shi da yatsa, ta ce to bismillah, ta tattare zanenta ta shiga ta zauna.